Babi na Shida: Gawayi Ba Tare da Gatari Ba

A ƙarshen watan Agustan 2021, gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya sa hannu a kan wata doka ta tsaurara tsaro. An rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, an dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomin da ke bakin daji, Batsari da Safana na ciki, an hana sayar da fetur a jarka. A tsakiyar jerin akwai wani layi da bai ja hankalin jaridu sosai ba: an haramta wa manyan motoci ɗauko itacen wuta daga daji. Hujjar hukuma ita ce motar da ta shiga ɗaukar itace tana iya shiga da abinci da mai ga 'yan bindigar da ke ɓoye a ciki. Wannan layin kuwa a murhu ya sauka, domin tukunyar da ake ɗorawa a Batsari, da Dutsin-Ma, da ma birnin Katsina, wutarta daga yamma take zuwa.

Yamma a nan tana nufin Dajin Rugu, wanda ya shimfiɗu daga ƙasar Jibiya ya ratsa Batsari da Safana da Ɗanmusa har ya jingina da iyakar Zamfara. Tun zamanin Turawa aka keɓe shi, sashen Ruma da Kukar Jangarai da Runka kuma ya zama makiyaya da aka san ta a duk arewa. Ƙasar Sarkin Ruma ce da ta Yariman Katsina, ƙasar marke da ƙirya da taramniya, inda da can maƙeri ba ya neman gawayin da ya wuce na ƙirya, matar gida kuma ba ta son itacen da ya wuce marke saboda ƙarancin hayaƙinsa da daɗewar garwashinsa. Shekaru da yawa gatari yana ci, dajin yana ja da baya. Sai bindiga ta shigo ta kori gatarin daga tsakiyar daji. Bayan abin da ya auku a Tsauwa da Ɗankar a watan Fabrairun 2020, inda aka kashe mutane kusan 30 a dare ɗaya, ba wanda ke buƙatar a gaya masa abin da ke jiran mai shiga daji don dami ɗaya na itace.

Amma girki ba ya jiran zaman lafiya. Ƙauyuka sun tashi sun tare a cikin gari, bakunan ci sun ƙaru a wurin da ba shi da daji, kuma wanda ya kasa kaiwa ga marke zai juyo ga abin da ke kusa: sabara da geza da kalgo na gefen gona, daga nan reshen ɗorawa, daga nan ita kanta kaɗanyar da kaka ya bari. Wannan saran ya fi na cikin daji ciwo, don itatuwan gona su ne masu riƙe ƙasa da inuwa da abin miya. Gas na tukunya da kananzir sun yi wa talakan nan nisa tun kafin cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, balle bayansa.

Duk da haka, wanda ya bi hanyar Batsari zuwa Safana da yamma a watan Afrilu ko farkon Mayu zai ga wuta jefi-jefi a gonaki, hayaƙi na tashi miƙe. Sharar gona ce. Manomi ya tattara tushiya da ragowar kara da busasshiyar ciyawa, ya tara su tsibi-tsibi ya cinna musu ashana don ya share wa shuka fili. Zafin da zai dafa tuwon gida na kwanaki yana tafiya sama cikin minti goma. A gari ɗaya ake sayen itace da tsada ake kuma ƙona makamashi a banza, kuma tsakanin abubuwan biyu babu komai sai wata 'yar dabara da ba ta fi ƙarfin maƙerin kasuwa ba.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A Amurka, tun shekarun 1920 kamfanin motoci na Henry Ford ya riƙa cura ragowar katakon masana'antarsa yana mayar da shi gawayi, sana'ar da ta rayu har yau da sunan Kingsford. Wadda ta fi dacewa da ƙauye kuwa ta fito ne daga jami'ar MIT a farkon shekarun 2000, inda injiniya Amy Smith da ɗalibanta suka tsara ta saboda Haiti, ƙasar da saran gawayi ya aske wa duwatsu. Kayan aikinsu tsohon duro ne na mai, da tuƙar rake da totuwar masara, da kuma rogo.

Ga yadda abin yake idan an tsaya a kansa. Ana samun duro mai cin lita 200, a huda gindinsa 'yan ramuka, a yanke babbar kafa a samansa. A ɗora shi a kan duwatsu uku kamar murhu, a cika shi da busasshiyar totuwa ko guntayen kara, a kunna wuta ta ƙasa. Da farko farin hayaƙi ne ke tuɗowa, mai kauri, wannan ruwan da ke cikin karan ne yake fita. Can sai hayaƙin ya koma rawaya-rawaya, a nan ana iya kai masa ashana ya kama da harshen wuta a bakin duron, don iska ce mai ci. Idan wutar ta lafa, sai a zare duwatsun duron ya zauna a ƙasa, a rufe bakinsa da murfi, a bi duk wata kafa da yashi ko jar ƙasa a toshe. Daga nan sai haƙuri. Wanda ya yi garajen buɗewa toka zai tarar. Wanda ya bari ya huce na awa biyu ko uku zai ga totuwar tana nan da siffarta, baƙa wulik, ba nauyi, tana ƙara kamar fasasshen tangaran idan an motsa ta. Abin da ake samu ba ya wuce kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin da aka zuba.

Wannan gawayin ba ya sayuwa haka, ya cika sakayau, iska ma kwashe shi take. Sai an daka shi a turmi ya zama gari, sannan a kawo abin da zai riƙe shi. A nan rogo ke shigowa. Ana dama garinsa da ruwan zafi har ya yi yauƙi kamar talge, a zuba kaɗan a cikin garin gawayin, abin da bai fi kashi biyar zuwa goma cikin ɗari ba, a cuɗa da hannu har idan an dunƙula ya tsaya bai wargaje ba. Daga nan a ɗura a cikin guntun bututun ƙarfe, a sa taɓaryar ƙarfe a buga da guduma sau uku ko huɗu, a turo shi waje. Macen da ta iya cura fura ta riga ta san rabin aikin. Curin zai sha rana kwana uku zuwa mako ɗaya, gwargwadon yanayi, kuma gwajinsa mai sauƙi ne: a sake shi daga tsayin ƙugu, in bai tarwatse ba ya yi.

Batsari ƙasar rogo ce da dankali, saboda haka abin da ke zama cikas a wasu wurare a nan yana ƙofar gida. Ba sai an taɓa rogon ci ba. Wanda ya yi kwana ya fara baƙi, da gutsattsarin da ke zuba wajen shanya, da ruwan sitacin da ake zubarwa, duk suna riƙe gawayi. Inda babu rogo ana sa ƙaro ko ɗan yumɓu, sai dai yumɓu yana ƙara toka.

Akwai wata hanyar da ba a ƙona komai, a zuba ɗanyen ɓuntu ko garin katako a cikin inji mai matsa da ƙarfin gaske har zafi ya narkar da danƙon da ke cikin itacen ya haɗe kansa. Curinta yana da kyau, amma injin yana shan lantarki mai yawa, haƙoransa kuma suna cinyewa da sauri idan ɓuntun shinkafa ake ba shi. A garin da wuta ke zuwa kamar baƙo, wannan ba wurin farawa ba ne.

To, sai dai akwai wata kalma da masu rubuta takardun ayyukan raya karkara ke yawan amfani da ita wadda manomin Safana ba zai yarda da ita ba, wato “shara”. A takarda, duk abin da ya rage bayan an cire hatsi shara ne, sai a auna tan kaza a kowace hekta a ce ga makamashi kyauta. A gona kuwa kusan kowane kara da mai shi. Karan dawa shi ne danni da darni da rufin rumbu da gadon kara. Karan gero ana yin shinge da shi, a yi girki da sauran. Harawar wake da ta gyaɗa kuɗi ce tsaba, a kan rufin ɗaki ko cikin rassan itace ake ajiye ta, kuma idan bazara ta yi tsanani farashinta na iya ba mai tumaki tsoro. Ƙaiƙayi yana shiga cikin ƙasar gini, yana shiga cikin abincin shanu. Karan riɗi da na gero ana ƙona su don tokar miya. Abin da ya saura kwance a gona ma yana aiki: yana kare ƙasa daga iskar hunturu, gara ta ci shi ta mayar da shi taki.

Sannan ga wata tsohuwar yarjejeniya da ba a taɓa rubuta ta ba. Bayan kaka, makiyayi ya kan sauka a gona da garkensa, shanu su ci kara su bar taki, wani lokaci har manomi ya ƙara masa da damin hatsi don ya daɗe. Lalacewar wannan ma'amala tana cikin tushen abin da ya jefa yammacin Katsina a halin da yake ciki. Duk wanda zai kafa sana'ar da za ta riƙa sayen karan dawa mota-mota, ya sani yana shiga tsakanin saniya da abincinta ne a ƙasar da aka riga aka zubar da jini a kan kiwo. Wannan kaɗai ya isa ya sa a yi taka-tsantsan, kuma marubucin da ya ɓoye shi don labarinsa ya yi daɗi bai yi wa kowa adalci ba.

Abin da ya rage bayan an fitar da haƙƙin kowa ba kaɗan ba ne, kuma a kansa ya kamata a gina. Akwai tushiyar da ake tonewa a ƙone lokacin sharar gona. Akwai totuwar masara da ke taruwa a wurin injin ɓarza, wadda ko an sa ta a murhu ɗanya hayaƙi take yi ta cinye nan da nan. Akwai ɓawon gyaɗa. Akwai ɓuntun shinkafa da ke tsibi bayan injinan casa, ko da yake kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa toka ne, don haka sai an gauraya shi da wani abu. Akwai itacen auduga, wanda dabba ba ta ci, wanda kuma tun da can malaman gona ke umartar a tuge a ƙone bayan tsinka don kashe tsutsa. Wannan ya fi yawa a kudu, wajen Ƙanƙara da Malumfashi da Funtuwa. Akwai kuma wanda ya fi duka sauƙi: ɓurɓushin da ke zuba a ƙasan buhu a wurin kowane mai sayar da gawayi. Wannan an riga an ƙona shi, daka da curawa kawai yake jira.

Ban da gawayi, akwai batun gas, shi kuma iri biyu ne, ana yawan haɗa su alhali ba danginsu ɗaya ba.

Na farko shi ne hayaƙin nan mai kamawa da wuta a bakin duro. Idan aka ƙona busasshen abu da iska ƙalilan a cikin tukunyar ƙarfe da aka tsara don haka, yana ba da cakuɗen iskar kabon monoksaid da haidurojin, wanda in an tace shi aka sanyaya zai iya juya inji. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da fetur ya yanke a Turai, motoci kusan miliyan ɗaya da irin wannan gas suka yi ta yawo, da tukunya goye a baya. A Indiya, a shekarar 2007, wasu matasan injiniyoyi suka kunna wa ƙauyen Tamkuha na jihar Bihar wuta da ɓuntun shinkafa, abin da ya zama kamfanin Husk Power Systems. Ƙaramar tasharsu mai kilowat 30 da ɗoriya tana haska gidaje ɗaruruwa. Mai injin niƙa a Runka ko Wagini, wanda dizal ke cinye ribarsa, dole ya ji kwaɗayin wannan labari. Amma gas ɗin yana zuwa da kwalta mai toshe inji, matatarsa tana son wanki kullum, kuma tana son makanike da ya san ta. Abin lura ne cewa da kamfanin nan ya shigo Nijeriya ya buɗe tashoshi a jihar Nasarawa a 2021, da hasken rana ya zo. Inda wannan fasaha za ta fi saurin amfani a nan shi ne a ƙaramin murhu mai gwangwani biyu, ɗaya cikin ɗaya, wanda ake cika shi da totuwa a kunna ta sama: yana ba da harshen wuta mai tsabta, ya kuma bar gawayi a ƙasa bayan an sauke tukunya.

Na biyu ba wuta a cikinsa sam. Kashin shanu ne ɗanye ake damawa da ruwa a zuba a rufaffen rami ko tanki, ƙwayoyin halitta su ruɓar da shi ba tare da iska ba, ya fitar da gas wanda fiye da rabinsa mitan ne, mai ci da shuɗiyar wuta. Zafin ƙasar Katsina alheri ne gare shi, kuma ruwan da ke fita ta ɗaya bakin taki ne da ya fi kandilo. Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ta daɗe tana gina irin waɗannan ramuka don gwaji da koyarwa. Sharaɗinsa ne mai nauyi: gida ɗaya yana buƙatar kashin shanu uku ko huɗu masu kwana a turke, da ruwa daidai yawan kashin, kowace rana ba fashi. A ƙauyen da aka kore wa shanun huɗa, inda yara ke layi a bakin famfon tuƙa-tuƙa tun asuba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wurinsa na gaskiya shi ne mayanka, da kasuwar dabbobi, da makarantar kwana, da gidan mai kiwon turka, inda kashi da ruwa suke taruwa da kansu.

Ko wane makamashi aka samu, murhun da za a zuba shi ma abin dubawa ne. Murhun duwatsu uku yana zubar da mafi yawan zafinsa ga iska, hayaƙinsa kuma ga ƙirjin mai girki da goyon da ke bayanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020. Murhun ƙarfe na Save80, wanda ƙungiyar DARE ta Kaduna ta fara yaɗawa tare da ƙungiyar atmosfair ta Jamus kuma yanzu ake ƙera shi a Kano, sunansa ya samo daga rage cin itace da kusan kashi 80 cikin ɗari. A shiyyar Daura, wani shiri na Tarayyar Turai da Oxfam da ICEED ya koya wa mutane ginin ingantaccen murhun yumɓu a ƙananan hukumomi bakwai. A tsallaken iyaka kuma, manoman Maraɗi tun shekarun 1980 suka koma barin tohon kututture a gona suna yi masa aski maimakon sassabe shi, har gonakin kudancin Nijar suka sake cika da itatuwa a fili mai faɗin hekta miliyan 5, matansu na samun itacen girki daga reshen da aka rage. Curin gawayi ɗaya ne daga cikin waɗannan, ba zai ɗauki kayan shi kaɗai ba.

Hukunci na ƙarshe a hannun mai kurfoti yake. Curin gawayin kara yana da laifuffukansa, kuma gara mai sayarwa ya faɗe su da bakinsa kafin mai saye ya gano: yana da nauyin kamawa, sai an sa masa 'yan ƙirare an yi fifita, tokarsa ta fi ta gawayin itace yawa, tana iya toshe ramukan kurfoti in ba a kaɗe ba, ba ya jure jiƙa, ba a kashe shi da ruwa a ajiye don gobe. Kamar kowane gawayi kuma, wanda ya kai shi ɗaki a daren hunturu ya rufe ƙofa da taga yana wasa da ransa, don iskarsa ba ta da wari ba ta da launi. A ɗaya gefen, ba ya tartsatsi, ba ya baƙanta tukunya kamar itace, kuma in ya kama yana daɗewa da zafi daidai wa daida. Wannan halin ya fi dacewa da masu wutar da ba ta mutuwa: mai shayi da butarsa, mai tsire, mai tuyar ƙosai da waina, mai guga, mai dafa wake. Su ne za a fara ba kwano guda kyauta su gwada, domin su ne ke lissafin gawayi da naira kowane dare, kuma abin da mai shayin bakin tasha ya yaba, gari ya ji.

Lokacin aikin ma a bayyane yake. Daga Disamba zuwa Afrilu kayan sun bushe, rana tana nan, hannaye sun huta daga noma, ga matan da suka baro ƙauyukansu suna zaune a Batsari da Safana ba gona ba jari. Duro ɗaya, da bututun da maƙeri zai yanka, da turmi, da tabarmar shanya sun isa ƙungiyar mata biyar ta fara. Abin da aka cura a rani sai a zuba a buhu a jingine a ɗaki mara yoyo, a ɗora a kan katako kada sanyin ƙasa ya taɓa shi, a jira watan Agusta, lokacin da dawa ta rufe gonaki, hanyar daji ta fi kowane lokaci haɗari, itacen da ke kasuwa kuma jiƙaƙƙe ne mai tsada.